Kai Aikin da Bai Kammala ba Taron Masu Binciken Ƙwaƙwalwa

"Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam a wata jami'a da ke Arewacin Nijeriya. Ina bincike a kan ko ganyen zogale yana kare ƙwaƙwalwar ɓera daga illar gubar dalma. An sanar da taron ƙara wa juna sani na masu binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yankinmu, an ce ɗalibai su aika da tsakuren aikinsu. Aikina bai kammala ba, kuɗin rajista da na mota da na masauki duk daga aljihuna za su fito, kuma wasu abokan karatuna sun ce irin wannan taro ba ya da wani amfani sai takardar shaidar halarta, gara in jira in sami na ƙasar waje. Shin in je? Idan kuma zan je, me zan kai?"

Malama, abin da kike tambaya shi ne ko taron yanki ya cancanci kuɗin ɗaliba da lokacinta alhali aikinta bai nuna ba tukuna. Amsata ita ce ki je, matuƙar taron na gaske ne kuma kuɗinsa ba zai cinye abin da kika tanada domin ƙarasa gwajin ba. Rashin kammaluwar aikin ma yana cikin dalilan da suka sa nake cewa ki je, domin gyaran da za a yi wa tsarin bincikenki yanzu zai iya shiga cikin kundinki, wanda kuwa za a yi bayan kin yanka ɓerayen kin rubuta babi na biyar ba zai amfane ki da komai ba sai ɓacin rai. Na daɗe ina tace tsakuren ɗalibai ina kuma alƙalancin fosta, wato babbar takardar da mai bincike ke kafewa yana bayyana aikinsa a kanta, a irin waɗannan taruka, kuma a kan abin da na gani a can zan gina yawancin bayanina.

Inda irin wannan taro ya samo asali

Binciken ƙwaƙwalwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A Ibadan, Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a farkon shekarun 1960, Farfesa Benjamin Osuntokun kuma ya gano alaƙar wata cutar jijiyoyi mai sa tangaɗi da raunin gani da yawan cin rogon da ba a sarrafa shi da kyau ba, saboda gubar sayanaid da ke cikinsa. Waɗannan likitoci ne da suka fara daga marasa lafiyar da ke gabansu. Abin da ya yi ƙaranci a lokacin shi ne wurin da likitan jijiyoyi da malamin nazarin sassan jiki da masanin harhaɗa magunguna da likitan dabbobi za su zauna su saurari juna, tunda kowannensu yana da ƙungiyar sana'arsa da taronsa daban. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin masu binciken ƙwaƙwalwa suka zo su cike. Ƙungiyar duniya da ake kira IBRO an kafa ta a 1961, ta nahiyar Afirka mai suna SONA kuma a 1993. SONA tana taronta duk bayan shekara biyu tana zagaya ƙasashe: an yi a Entebbe ta Yuganda a 2017, a Legas a 2019, a Johannesburg a 2023. A cikin gida akwai ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, NSN, wadda jami'o'i ke karɓar baƙuncin taronta bi da bi, sai kuma ƙananan taruka na kwana ɗaya ko biyu da wani sashe ko wata cibiya ke shiryawa domin jami'o'in da ke maƙwabtaka da ita. Ina kyautata zaton naki na wannan ajin na ƙarshe ne, ko kuma na ƙasa.

Akwai wani nazari da ya kamata ki sani, domin yana bayyana matsayin aikinki a cikin fagen baki ɗaya. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin jihar Yobe mai bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, tare da abokan aikinsa, sun buga wani nazari a 2021 inda suka tantance maƙalu 5,219 na binciken ƙwaƙwalwa da aka jagoranta daga Afirka tsakanin 1996 da 2017. Sun tarar ƙasashe biyar ne ke da mafi yawan aikin: Masar da kusan kashi 28 cikin 100, Afirka ta Kudu kusan 23, Nijeriya kusan 11, sai Maroko da Tunisiya. Sun kuma lura cewa gwajin tsirran magani a jikin ɓeraye ya yi yawa a Afirka ta Yamma, yayin da amfani da na'urori da dabarun zamani ya yi ƙaranci. Ma'anar wannan a gare ki ita ce idan kika shiga zauren za ki tarar da fosta da yawa masu kama da taki, wannan na zogale, wancan na habbatus sauda, wancan na tafarnuwa ko citta. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Tambayar da kike yi tana da tushe a ƙasarmu, kuma zan dawo kanta. Sai dai abin da zai bambanta aikinki da na saura shi ne ingancin tsarinsa, kuma ingancin tsari shi ne abin da taro ya fi iya gyarawa.

Na gida da na waje

Abokan karatunki sun yi gaskiya a abu ɗaya: akwai masu zuwa taro domin takardar shaida kawai, su yi rajista da safe, su ɗauki hoto a gaban allon sanarwa, kafin azahar sun bar harabar. Wannan ɗabi'ar mai halarta ce, kuma tsarin ƙarin girma da ke ƙidaya takardu ne ya haife ta. Amma shawararsu ta ki jira na ƙasar waje tana da rauni ta fuska biyu. Taron shekara-shekara na ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ya kan tara mutum kusan 30,000 a shekarun da suka gabaci annobar korona, da dubban fosta a zaure guda. Ɗalibar digiri na biyu da ba ta san kowa ba tana iya tsayawa awa huɗu a gaban fostarta ba wanda ya tsaya ya yi mata tambaya mai ma'ana, bayan ta sha wahalar biza da kuɗin jirgi. Fuska ta biyu ta fi muhimmanci. Masu ba da tallafin zuwa manyan taruka da makarantun horo, irin su IBRO, suna duba abin da mai nema ya riga ya yi, kuma gabatar da aiki a taron gida na cikin abubuwan da ake dubawa. Wanda ya ƙi na gida yana jiran na waje ya rage wa kansa damar samun na wajen.

Sannan akwai wani amfani da babban taro ba ya bayarwa ko da kin samu kin je. Masanin da kika haɗu da shi a Turai zai iya ba ki shawara mai kyau wadda ta dogara da na'urar da babu ita a jiharki. Wanda kika haɗu da shi a taron yanki ya san cewa wuta tana ɗaukewa a tsakiyar gwaji, ya san sinadarin da aka yi oda yana iya yin watanni a hanya ya iso a lalace saboda zafi, kuma ya san wace jami'a ce mai nisan tafiyar rabin yini take da na'urar auna dalma a cikin jini da ke aiki a halin yanzu. Irin wannan labari ba a buga shi a mujalla. A bakin zaure ake samunsa lokacin shan shayi. A Damaturu, alal misali, an buɗe cibiyar bincike da horo ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, tana da na'urorin hangen ƙwayoyin halitta na zamani kuma tana shirya horo ga matasan masu bincike. Ƙungiyar TReND, wadda ta fara a 2011 da makarantar koyar da binciken jijiyoyi da ƙwari a Yuganda, ta daɗe tana haɗa jami'o'in Afirka da kayan aiki da masu koyarwa. Ɗalibai da yawa a taro suke fara jin labarin irin waɗannan ƙofofi, daga bakin waɗanda suka riga suka shiga.

Haka kuma taron yanki ne ke sa mai aikin ɗakin gwaji ya ji likitocin da ke ganin marasa lafiya. A nan za ki ji labarin binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da Kano da Zariya, wanda ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba da nisa wajen haddasa shanyewar ɓarin jiki a tsakanin mutanenmu. Za ki ji aikin da aka yi a Kano a kan yara masu sikila, inda aka yi amfani da na'urar auna gudun jini a jijiyoyin kai domin gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar jiki, aka kuma nuna cewa maganin hydroxyurea yana iya kare su a inda ƙarin jini kowane wata ba zai yiwu ba. Za ki ji masu kula da farfaɗiya suna bayanin yadda ake kai yaro wurin masu magani shekaru kafin a kawo shi asibiti, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan sun sami maganin da ya dace. Ɗalibin da ke aiki da ɓeraye yana buƙatar jin waɗannan, don ya san wace tambaya ce ta cancanci a kashe mata dabba.

Tambayoyin da za a yi miki

Batun da kika zaɓa yana da nauyi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, yara kusan 400 suka rasu, wasu da yawa suka rayu da lahani a ƙwaƙwalwa. An sake ganin irin wannan a jihar Neja a 2015. Dalma tana kwaikwayon sinadarin kalsiyam a jiki, tana kutsawa cikin hanyoyin da ƙwayoyin jijiya ke isar da saƙo, kuma sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, mai ruwa da tsaki a koyo da tunawa, yana cikin waɗanda ta fi taɓawa. Duk wanda ya tsaya a gaban fostarki zai yarda cewa matsalar ta gaske ce. Daga nan ne tambayoyi za su fara, kuma gara ki ji su daga gare ni kafin ki ji su a zaure.

Ta farko da zan yi miki da ni ne alƙali ita ce: yaushe kike ba ɓeran zogale, kuma ta wace hanya kike ba shi dalma? Yawancin ayyukan da na gani irin naki suna ba da dalma ta baki, a ruwan sha ko ta bututu, sannan su ba da tataccen ganyen ta baki a rana ɗaya, wani lokaci a jere. Ganyen zogale yana da kalsiyam da sinadarin ƙarfe, kuma an san waɗannan biyun suna rage yawan dalmar da hanji ke tsotsa. Saboda haka idan kika ga ƙwaƙwalwar ɓerayen da suka sha zogale ta fi lafiya, yana yiwuwa ganyen bai yi komai a cikin ƙwaƙwalwa ba, dalmar ce kawai ba ta shiga jini da yawa ba tun daga hanji. Wannan ma sakamako ne mai amfani, amma ba shi ne abin da taken aikinki ke cewa ba. Hanyar rarrabewa ita ce ki auna dalma a cikin jini da cikin naman ƙwaƙwalwa a kowane rukuni, ko ki ƙara rukunin da za a fara ba shi zogale bayan an daina ba shi dalma. Idan ɓerayenki suna da rai har yanzu, ko kina da zagaye na biyu a gaba, wannan gyara ne mai yiwuwa. Idan kin riga kin gama, ya wuce ki. Kin ga dalilin da ya sa na ce ki tafi da aikin tun bai kammala ba.

Ta biyu ita ce shekarun dabbar. Waɗanda dalma ta kashe a Zamfara ƙananan yara ne, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, ga shi ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa. Idan manyan ɓeraye maza kike amfani da su, kamar yadda aka saba saboda sun fi sauƙin samu, za a tambaye ki me ya sa, kuma ya kamata ki sami amsa ta gaskiya, ko da amsar ita ce su ne abin da ke akwai kuma kin san iyakar abin da za a iya faɗa da su. Za a kuma tambaye ki ko kina da rukunin da aka ba maganin da aka riga aka san yana fitar da dalma. A Zamfara likitocin agaji sun yi wa yara magani da wani da ake kira DMSA, wanda ake sha ta baki. Idan babu irin wannan rukuni, babu abin da za a gwada ƙarfin zogale da shi.

Sai maganar ganyen kansa. Daga ina aka tsinko shi, a wane lokaci na shekara, wa ya tabbatar da nau'insa, an ajiye samfurinsa a ma'ajiyar tsirrai da lamba ko ba a ajiye ba, da ruwa aka tace ko da wani sinadari, kuma nawa ne awon da kika bayar a kan kowane kilo na nauyin jiki. Na sha ganin awon da idan aka mayar da shi ga mutum zai zama dole ya ci ganyen da ba mai iya ci a yini. Mai tambaya ba yana neman kunyata ki ba ne. Yana so ya san ko wani a Sakkwato ko Maiduguri zai iya maimaita abin da kika yi ya sami abin da kika samu.

Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce ta yadda aka duba sakamakon. Hoton yankan ƙwaƙwalwa guda ɗaya daga kowane rukuni, da kibiya tana nuna ƙwayar da ta lalace a wannan da lafiyayya a wancan, ba hujja ba ne, domin a kowace ƙwaƙwalwa ana iya samun wuri mai kyau da wuri mara kyau, kuma idon da ya san amsar da yake so zai same ta ba tare da mai shi ya yi niyyar ha'inci ba. Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Ki ba wata abokiyar karatunki gilasan da ke ɗauke da yankan ƙwaƙwalwar ta rufe sunayen rukunai ta sa lambobi, ki ƙidaya ƙwayoyin jijiya a wuri iri ɗaya a kowace dabba ba tare da kin san ta wane rukuni ce ba, sai bayan kin gama a buɗe lambobin. Manhajar ImageJ kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. Haka nan rabon ɓeraye zuwa rukunai ya zama da ƙuri'a, domin wanda ya fara shiga hannu daga keji sau da yawa shi ne mafi sanyin jiki, idan kuwa irinsu suka taru a rukuni ɗaya an gurɓata gwajin tun kafin a fara. Akwai ƙa'idojin bayar da rahoton gwajin dabbobi da ake kira ARRIVE, an fitar da su a 2010 aka sabunta a 2020. Ki karanta su kafin ki rubuta tsakure. Ki kuma tafi da lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arki, domin taruka masu daraja suna tambaya, mujallu kuma suna ƙin aikin da ba shi da ita.

A gefe guda, kada ki yi mamaki idan wani ya ce miki me zai hana ki gwada wani ɓangare na tambayar a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila. Yana girma daga ƙwai zuwa babba cikin kwana goma ko makamancin haka, abincinsa ba tsada, ana iya gwada ɗaruruwa a lokaci ɗaya, kuma da shi aka yi aikin agogon jiki da ya ci kyautar Nobel a 2017. Ba na cewa ki bar ɓerayenki a tsakiyar digiri. Ki dai saurara, ki rubuta sunan mai maganar, domin digiri na uku yana gaba.

Abin da za ki kai

Ki kai fosta. Jawabin minti goma a gaban zaure yana da kwarjini, amma tambaya biyu ko uku ake yi a ce lokaci ya ƙure, kuma manya kan sassauta wa ɗaliba a bainar jama'a. A gaban fosta mutum zai tsaya ya nuna miki da yatsa inda matsalar take, ya zana miki gyara a bayan takarda. Tsakurenki ya faɗi tambayar a jimla ɗaya, ya faɗi adadin dabbobi da rukunai da awo da tsawon lokaci, ya faɗi abin da kika samu zuwa yanzu da alƙaluma, sannan ya bayyana a fili cewa sakamakon farko ne. Jimlar da ke cewa za a tattauna sakamako a wurin taro tana sa masu tacewa su ajiye tsakure a gefe. Idan abin da ke hannunki gwajin halayyar ɓeraye ne kawai, kamar yadda suke tuna hanya a cikin akwatin gwaji, yankan ƙwaƙwalwa kuma bai fito ba, ki kawo na halayyar ki ce saura yana tafe. Idan zogalen bai nuna wani tasiri ba, ki faɗi haka. A ganina fostar da ta ce ba ta ga bambanci ba, ta kuma nuna an yi gwajin da tsari, ta fi goma masu cewa ganye ya warkar da komai, kuma na ga irinta ta ci kyauta.

Kada ki aika da komai sai jagoran bincikenki ya karanta ya amince, kuma ku daidaita sunayen da za su hau kan aikin tun yanzu. Wannan haƙƙinsa ne, kuma rigingimu da yawa tsakanin ɗalibi da malami daga nan suke tasowa. Wasu ɗalibai suna tsoron a sace musu tunani idan sun nuna aikin da ba a buga ba. A irin aikinki wannan tsoro ba shi da ƙarfi, domin tsakuren da aka buga a littafin taro shi kansa shaida ne mai kwanan wata. A fostar kuma ki rage rubutu, ki ƙara girman jadawali, ki tabbata ana iya karanta ta daga nisan taku biyu. Ki shirya bayanin minti biyu ki maimaita shi a gaban abokan karatunki har ya zauna. Ina kuma ba ɗalibaina shawarar su gwada bayyana aikin da Hausa ga wani a gida wanda bai yi kimiyya ba, domin duk inda bayanin ya tsaya musu, a nan fahimtarsu take da rami.

Kafin ki tafi ki duba jerin masu jawabi, ki zaɓi mutum biyu ko uku da aikinsu ya kusanci naki, ki karanta maƙala ɗaya ta kowannensu. Idan kin same su ki gaishe su yadda ya dace, ki faɗi sunanki da jami'arki, ki yi tambaya takamaimiya a kan abin da kika karanta, sannan ki gayyace su zuwa fostarki. Tarbiyyarmu ta girmama manya tana sa ɗalibai, musamman mata, su tsaya daga nesa suna jiran a kira su. A taron kimiyya farfesan da ya yi tafiya ya zo ya san ɗalibai za su tare shi, kuma yawancinsu suna jin daɗin hakan. Bayan kin dawo, cikin mako guda, ki aika musu gajeren saƙo ki tuna musu abin da kuka tattauna.

Kuɗi, da taron bogi

Ki tambayi masu shirya taron ko akwai rangwamen ɗalibai ko yafe kuɗin rajista ga mai gabatar da aiki, domin sau da yawa akwai amma ba a sanarwa sosai. Zama mamba a ƙungiyar yakan rage kuɗin. Ki nemi sashenku ko makarantar karatun gaba da digiri su taimaka ko da da mota ne, ki kuma haɗa kai da wasu ɗalibai mata wajen masauki, abin da zai kwantar da hankalin iyaye ko maigida idan nisa ya zama abin damuwa. Idan bayan duk wannan zaɓin ya zama tsakanin zuwa taro da sayen sinadarin da gwajin ba zai kammala ba sai da shi, ki sayi sinadarin, ki nemi wanda zai je ya riƙe miki fostar ya rubuto miki tambayoyin da aka yi.

Ki kuma tabbatar taron na gaske ne. Akwai masu shirya taruka domin karɓar kuɗi kawai, alamarsu ita ce suna karɓar kowane tsakure cikin kwana ɗaya, suna haɗa fannoni marasa alaƙa a zaure guda, kuma suna alƙawarin buga maƙala a mujalla da ƙarin kuɗi ba tare da tacewa ba. Na gaske yana da ƙungiya ko sashen jami'a da aka sani a bayansa, da kwamitin kimiyya mai sunayen mutanen da za ki iya samun ayyukansu. Jagoranki zai gane wannan da kallo ɗaya.

Abin da taro ba zai yi miki ba

Ban ga bayanan gwajinki ba, don haka abin da na faɗa a kan tsarin ya dogara ne da yadda aka saba yin irin wannan aiki, kuma yana yiwuwa kin riga kin kiyaye wasu daga ciki. Jagoranki ne ya san abin da kuɗi da lokacin da suka rage miki za su ɗauka, kuma ba kowace shawara da za ki ji a taro ce za ta shiga digiri na biyu ba. Wasu shawarwarin ma za su saɓa wa juna, sai kin dawo kin zauna da shi kun tace. Tsakuren taro kuma ba ya zama madadin maƙala a mujallar da ake tacewa, kuma ba duk wanda ya karɓi lambarki ya yi alƙawarin taimako ne zai amsa saƙo ba.

Abu ɗaya kuma nake so ki kiyaye idan 'yan jarida ko masu ɗaukar bidiyo suka zo wurin, kamar yadda sukan zo. Ko da sakamakonki ya yi kyau, sakamakon ɓera ne. Kada ki bari a fita da labarin cewa zogale yana maganin gubar dalma, domin a ƙauyen da ake haƙar zinare uwa tana iya jin haka ta jinkirta kai ɗanta asibiti. Abin da aka tabbatar yana ceton yara shi ne raba su da ƙurar duwatsun, kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da maganin fitar da dalma a hannun likita. Ki rubuta wannan a ƙasan fostarki cikin jimla ɗaya, ki kuma faɗe shi da bakinki ga duk wanda ya tambaya.